Asabarin Ƙarfe a Tagar Roelof

Duk wanda ya taɓa shiga bas mai lamba tara a garinmu ya san direbarta Tineke Oosting, in bai san sunanta ba ya san ƙeyarta. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, furfura ta kama ta tun da sauran ƙuruciyarta, ita kuwa ba ta taɓa shafa mata komai ba. Fara'a ba ta dame ta ba, amma ba ta taɓa rufe wa tsoho ƙofa a fuska ba. In ta hango ka a madubi kana ɗingishi za ta jira ka, in ka shigo kuma ta gaya maka cewa ba don ado aka yi agogo ba.

A Layin Masu Igiya aka haife ta, bayan tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda gidajen jan bulo suke manne da juna, tagoginsu a bakin hanya. Tana 'yar mitsitsiya mahaifinsu ya faɗa ruwa a bakin aiki cikin hunturu, ba a ga gawarsa ba sai da ƙanƙara ta narke. Yayanta Roelof, wanda ya ba ta shekaru da yawa, ya ajiye makaranta ya kama aikin walda a wurin ƙera jirage. Shi ya koya mata hawa keke, shi ya ja mata kunne ranar da ta fara shan taba. Shi ya raka ta coci ranar aurenta, kuma shi ya zo da motar aro ya kwashe mata kaya ranar da auren ya mutu. Shi dai bai taɓa aure ba. Da uwarsu ta rasu ya ci gaba da zama a gidan shi kaɗai, Tineke kuma ta kama ɗaki a can ƙetaren gari kusa da garejin bas.

Mu mutanen nan ba ma zuwa gidan mutum sai an sa rana, ko da ciki ɗaya muka fito. Muna kiran wannan mutunci, kuma muna alfahari da shi har abin ya yi yawa. Abin da ya hana wannan hali kashe mu tun tuni shi ne labule. Ba ma rufe shi da rana. Uwar Tineke takan ce wanda ya rufe labule da rana, ko yana da abin ɓoyewa ko akwai gawa a ɗakin. Saboda haka ba sai ka ƙwanƙwasa wa maƙwabcinka ƙofa ba, ka dai dubi tagarsa da safe ka wuce.

Bas mai lamba tara ta tsakiyar Layin Masu Igiya take bi, a hankali, don layin ƙunci gare shi. Kowace safiya Tineke za ta karyo kwana ta ga labulen Roelof mai ruwan ɗorawa a yaye, shi kuma yana zaune da kofinsa. Sai ta ƙifta masa fitilun gaba, ya ɗaga yatsa ɗaya. Gaisuwarsu ke nan, sai kuma Lahadin farkon wata da take zuwa shan kofi, ya buɗe gwangwani ya ba ta biskit ɗaya ya mayar da murfi.

Wata safiya ta karyo kwanar ta ga labulen a rufe. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta taka birki a tsakiyar layi, ta ce wa fasinjoji su yi haƙuri, ta ɗauko mukulli a ƙarƙashin kaskon fure inda uwarsu ta saba ajiye shi. A ƙasan kicin ta same shi, leɓensa ya yi baƙi, numfashi da ƙyar. Likita ya ce zuciya ce, kuma da an ƙara jinkiri da sai dai labari. Da ya farfaɗo a asibiti ya dube ta sama da ƙasa.

"Auta, haka ake faɗa wa mutane gida? Ba sallama, ba alƙawari?"

"In za ka sake faɗuwa, Yaya, ka sanar da ni tun jajibiri mu sa rana."

Tun daga ranar ta san abin da take dubawa kowace safiya. Zuciyar nan ta taɓa tsayawa, kuma likita bai ɓoye musu cewa za ta sake ba. Tineke ta ƙi ƙarin girma zuwa ofis, ta ƙi a canza mata layi, abokan aiki suna ta yi mata tsiya wai ta auri lamba tara.

Ana nan aka yi zaɓe, sabuwar majalisar birni ta zo da abu uku a bakinta: sufuri, gidaje, tsaro. Har a jikin bas ɗin Tineke aka manna su. Ba wanda zai ce mugunta suka nufa. Gidajen Layin Masu Igiya sun ruɓe da gaske, danshi ya ci bango, yara suna tari, kuma 'yan ƙwaya sun mai da lungun baya wurin zamansu. Sai dai majalisa in ta tashi gyara ba ta tambayar abin da yake riƙe da abin da za ta cire.

An tara mutanen layin a zauren makarantar firamare, aka raba kofi. Kansila Veldkamp, matashi mai ladabi da ya zo a kan keke cikin ruwan sama, ya nuna musu hoton dogon bene da za a gina musu a bakin sabuwar hanya. Bas za ta samu titinta ita kaɗai, da shinge hagu da dama, a rage tashoshi don ta yi sauri. Ƙofar bene kuwa ba mai shiga sai mai kati.

Roelof ya ɗaga hannu. "Yaro, mukullin ko-ta-kwana fa, a ina zan ajiye shi?"

"Ai an wuce zamanin mukulli a kaskon fure, Baba. Ta nan ɓarayi suke samun ku."

"To in na faɗi?"

"Akwai jar igiya a banɗaki, kana ja za a zo. Za kuma a ba ka ɗan maɓalli ka rataya a wuya."

"Ni a kicin nake faɗuwa," in ji Roelof. "Kuma ni ba saniya ba ne da za a rataya min ƙararrawa."

Zaure ya ɗauki dariya, har da kansilan. Tineke tana can baya da rigar aiki, ita ba ta yi dariya ba. 

Aka rushe layin. Aka ba Roelof ɗaki a hawa na shida, mai ɗumi, mai haske, ba ɗigon danshi. Ya rataya tsohon labulensa mai ruwan ɗorawa, amma daga ƙasa ba abin da ake gani a gilashin sai gajimare. Bas kuma yanzu a guje take wucewa tsakanin shinge biyu, tashar da ta fi kusa da benen sai an yi 'yar tafiya. Abin da ido yake iya kamawa kawai shi ne asabarin ƙarfe mai ruwan toka da aka sa a wajen kowace taga, wanda ake ɗagawa da saukewa da maɓalli daga ciki.

"Ba na ganin labulenka, Yaya," ta ce masa a Lahadinsu ta farko a sabon wuri.

"Tsufa ne. Ki sayi tabarau."

"Da gaske nake."

Ya juya cokali a kofi ya daɗe. "Wannan ƙarfen fa, kina ganinsa?"

"Ina gani."

"To zan riƙa ɗaga shi rabi. Na kowa ko sama ko ƙasa, nawa a tsakiya. In kin ga rabi, ina nan ina zagin majalisa."

"Katin ƙofa fa? Ka ce za ka karɓo min."

"Wai sai na je ofishinsu da ƙafata na yi bayanin ko ke wace ce. Ni zan yi wa yaran nan bayanin ƙanwata? Zan dai je."

Bai je ba. Ita ma ba ta matsa ba, don matsa wa mutum a kan abin gidansa ba halinmu ba ne.

Haka suka ci bazara. Kowace safiya in ta ɗaga ido, a cikin tagogin nan masu yawa, wasu a buɗe, wasu a rufe don masu su suna barci, akwai ɗaya a hawa na shida mai rabin ido. Sai ta ƙifta fitila ta wuce. Ba ta ganin yatsansa, amma ta san ya ɗaga.

Da ganye ya fara zuba ta je Lahadinta ta same shi ya rame. Daga kujera zuwa kicin sai da ya dafa bango. Maɓallin wuyan nan yana rataye a jikin ƙusa tare da tsumman goge kwano. Tsoro ya kama ta, mu kuwa in tsoro ya kama mu faɗa muke yi.

"Ka rataya abin nan a wuyanka, Yaya."

"Kofi kika zo sha ko awon akwatin gawa?"

"Taurin kai zai kashe ka. Komai sai ka yi daban da mutane. Mai kula da bene ma ya tare ni a ƙasa, ya ce asabarinka ne kaɗai yake ɓata wa ginin fuska. Ka ɗaga shi har sama kamar na kowa mana, me zai ragu a jikinka?"

Ya dube ta. Ya miƙa hannu ya rufe gwangwanin biskit, alhali bai ba ta nata ba. Ta ɗauki rigar ruwanta ta fita, bai raka ta ƙofa ba.

Washegari asabarin yana rabi, haka ma safiyar da ta biyo. Ta ƙifta fitila tana ƙwafa. Sai wata safiya ta ɗaga ido ta neme shi ta rasa. Duk tagogin benen a buɗe suke har sama, layi-layi, ba wadda ta kauce. Sai da ta ƙirga hawa da ido ta gane tasa.

Ga kuskuren da ba mai yin sa sai mu. Wani daga wata ƙasa da ya ga bene guda ba mai barcin safe ko ɗaya, ba malalaci, ba mai mantuwa, da jikinsa ya ba shi. Tineke kuwa daɗi ta ji. Mu in muka ga abu ya miƙe sambal sai hankalinmu ya kwanta, tun muna yara aka koya mana cewa abin da yake a tsare lafiyarsa ƙalau. Ta ce a ranta tsohon nan ya ji magana, ko kuwa gatse yake yi mata. Ko wanne ne, hannu ne ya taɓa maɓalli, mai hannun kuma yana numfashi. Ta ƙifta fitila har da ɗan murmushi.

Ta buga masa waya sau ɗaya da yamma, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Wannan ba sabon abu ba ne, in yana fushi cire na'urar ƙara ji da ke kunnensa yake yi ya jefa a aljihun tebur. Ranar hutunta ta hau keke wai za ta sayo kifi, sai ga ta a ƙofar benen, alhali ba hanyar kasuwar kifi ba ce. Kekensa yana ɗaure a inda ya saba, jiƙaƙƙen ganye ya taru a kwandon gaba. Roelof bai taɓa barin ganye ya kwana a kwandonsa ba. Ta tsaya tana kallon kwandon, ta ce ai ruwa ake ta yi, wa zai fita. Ta kai yatsa kusa da ƙararrawar ɗakinsa da ke jikin ƙofar ƙasa. Kyamarar da ke saman ƙofa tana kallonta. Ta tuna ba su sa rana ba, ta tuna gwangwanin da ya rufe, ta ja baya ta ɗaga kai. Asabari yana sama. Lahadinsu ma ta kusa. Ta hau kekenta ta tafi sayen kifi, amma ranar ba ta iya cin sa ba.

Da hantsi wata rana, a tashar asibiti, Iya Hilje ta hawo da sandarta. Tsohuwar maƙwabciyarsu ce tun Layin Masu Igiya, yanzu tana hawa na uku a benen. Ta zauna a kujerar da ke bayan direba, kujerar masu son hira.

"'Yar nan, yayanki tafiya ya yi ne? Na kwana biyu ban ji tarinsa a ƙofar shiga ba."

"Yana nan, Iya. Fushi yake da ni. Kullum ina ganin asabarinsa a sama."

"Nawa ma a sama yake, ko ina so ko ba na so."

Tineke ta dube ta a madubi. "Kamar yaya?"

"Ai sun haɗa su duka da na'ura. Ba ki ji ba? Gari na wayewa su tashi tare, rana na faɗuwa su sauka. Wai don rana ta ɗumama ɗaki a rage ƙona wuta, wai kuma in gobara ta tashi masu kashewa su ga ciki. Ina tsaye da rigar barci, haƙorana na roba a kofi, abu ya yi sama da kansa, duk gari na kallona. Na danna maɓalli har yatsana ya yi ciwo, ko gezau."

"Tun yaushe?"

"Oho. An dai kwana biyu."

Tineke ta mayar da ido kan hanya. Benen yana matsowa ta hannun dama, tagoginsa duka a buɗe, reras. Ta taka birki a inda ba tasha, tsakanin shinge biyu. Rediyon ofis ya fara kiran lambarta, ba ta amsa ba. Ta juya ta miƙa wa tsohuwar hannu.

"Ba ni katinki, Iya."

Fasinjoji suna kallo direbarsu mai furfura ta kama shingen ƙarfe ta haura, wandonta ya yage a gwiwa. Katin ya buɗe mata ƙofar ƙasa. Amma na'urar hawa bene a hawa na uku ta tsaya, don katin Iya Hilje iyakarsa ke nan, an yi haka ne don kada baƙo ya yi yawo a ginin. Ta bi matakala da gudu har hawa na shida, ta tarar ƙofar matakalar daga ciki kawai take buɗuwa. Ta buga ta da tafin hannu tana kiran "Yaya, Yaya," ba wanda ya leƙo. Maƙwabtansa ba su san ta ba, kuma an sha gaya musu kada su buɗe wa wanda ba su sani ba.

Ta sauko ta nemo mai kula da bene. Mutumin kirki ne, ya ga fuskarta ya daina tambaya, amma ya ce doka ta hana shi buɗe ɗakin mutum sai da ɗan sanda a tsaye. Suka jira. Ba a daɗe ƙwarai ba, gaskiya, 'yan sandanmu ba su da jinkiri. Ita dai tana tsaye a gaban ƙofar tana duban ƙasa, inda da a ce akwai kaskon fure da tuni tana ciki. Tun kafin a buɗe hancinta ya gaya mata.

A kicin yake. Kujerarsa tana jikin taga inda yakan zauna ya jira wucewar lamba tara, rana ta cika ɗakin, ɗumi ko'ina. 'Yar sandar da ta zo ta riƙe Tineke a bakin ƙofa ba ta bar ta ta ƙarasa ba. Da likita ya fito Tineke ta tambaye shi abu ɗaya, ko nan take ya cika ko ya daɗe a kwance yana jira. Likitan ya dubi takalminsa ya ce da wuya a sani.

Majalisa ta aiko da furanni. Kansila Veldkamp ya zo jana'iza da kansa, kuma hawayensa na gaske ne. Aka bincika aka ga ba wanda ya karya doka, ko'ina an bi tsari, marigayin ne ma bai rataya maɓallinsa ba. Iya Hilje ta ce garin neman gira an rasa ido, ta faɗa da ƙarfi a wurin shan kofin makoki, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Abin da yake cin Tineke ba ta gaya wa majalisa ba. Ba ta san ko akwai safiya ɗaya da Roelof ya ɗaga asabarin nan har sama da hannunsa don ta ce ya yi ba, ko kuwa tun ranar farko da ta gan shi a sama, ta yi murmushi, yana kwance a ƙasan kicin yana jin ƙarar bas ɗinta tana wucewa. Ba mai gaya mata, kuma ta san ba za ta taɓa sani ba.

Ofis ya ce ta huta, ko a canza mata layi. Ta ce a bar ta a lamba tara. Ranar da ta koma aiki hunturu ya shigo, gari ba ya wayewa da wuri, sai ta iso benen daidai lokacin da haske ya fara. A gabanta ƙarafen tagogin suka motsa, dukansu tare, daga ƙasa har sama, ba ƙara. Na Roelof a hawa na shida ma ya tashi, ɗakin da ba a riga an ba kowa ba, ya wuce rabi bai tsaya ba. Kafin ta ankara hannunta ya riga ya ƙifta fitila.